Koton Dare: Tambayar da Ban Yi wa Kawu Ba

A babi na uku na kundin digirina na biyu, wanda na rubuta a kan sana'ar su a ƙasar Birnin Gwari, jimla ɗaya tak ce ta shafi koto. Na ce masunta sukan sa tana ko ƙananan kifaye a bakin ƙugiya, na ɗiga aya, na wuce zuwa ga layu da addu'o'in shiga ruwa, inda na shafe shafi goma sha ɗaya. Babu wanda ya tuhume ni a kan haka ranar kare kundin. Ni ma ban ga aibin abin ba sai da na kai wa kawuna kwafin aikin, ɗansa ya karanta masa wurin. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "To, ɗan nan, su ƙananan kifayen, wa ya kamo maka su?"

Ni ne nake kamo masa su. Tun ina ɗan shekara goma sha ɗaya har na shiga aji huɗu na sakandare, duk hutun da ya faɗo a rani a Tsohon Birnin Gwari nake yin sa, kuma aikina a gidan kawu shi ne neman koto.

Garinmu ba garin masunta ba ne irin Argungu ko Yawuri. Manoma ne mutanensa, su kuwa sana'ar rani ce ga 'yan tsiraru, waɗanda suka san gurabun da ruwa ke kwanciya a rafukan da ke malalawa zuwa Kogin Mariga bayan damina ta ɗauke. Mariga ita ce ta raba dajin Kamuku da na Kuyambana ta yamma, kuma tun 1936 aka keɓe Kamuku a matsayin gandun daji, kafin a mayar da shi gandun ƙasa a 1999. Wannan ya sa akwai wuraren da ba a zuwa su sai a sace, akwai kuma gurabun kusa da gari da kowa ya sani. A irin waɗannan na kusa kawu yake fatsarsa. Yakan kafa sanduna kamar ashirin a gaɓa bayan sallar isha'i, kowace da igiya da ƙugiya guda, ya bar su su kwana, ya zagaya su kafin asuba. Abin da yake nema babbar tarwaɗa ce, wadda za ta kai kasuwa. Ita kuwa ba ta cika zuwa wa tana ba, domin kafin ta iso kurungu da ƙaguwa sun riga sun tsince ƙugiyar. Ɗan kifi mai rai take so, wanda motsinsa zai kira ta daga nesa.

Saboda haka dare yakan fara ne tun rana ba ta faɗi ba. Mukan isa bakin ruwa da sauran haske, mu zauna nesa da gaɓa, kawu ya hana ni magana. Abin da muke jira shi ne abin da yake kira yayyafi: fuskar ruwa ta fara ɗigo-ɗigo kamar ana yayyafi alhali sama tas take. Kawara ce ke tasowa tana tsintar ƙwarin da suka faɗo. Masana kimiyyar kifi suna kiranta Brycinus nurse, 'yar ƙarama ce mai farin jiki da jan wutsiya, kuma a garke take yawo. Inda yayyafin ya fi yawa da magariba, nan za a ajiye fitila in duhu ya yi. Idan kuwa ruwa ya kwanta lumui har aka kira salla, kawu yakan ce mu tashi mu canza gurbi, ba ya ɓata kananzirinsa.

Ajiye fitilar ma da ƙa'idarsa. Fitilar ƙwai ce, ana ɗora ta a kan dutse dab da ruwa, a kare ta da sakaina ta ɓangaren tudu don haske ya zuba a ruwa kawai, inuwarmu kada ta faɗa ciki. Kafin a kunna ta, an riga an nutsar da wani tsohon zanen matarsa, mai ɗaure da sanda biyu, an danne shi da tsakuwa a ƙasan ruwan da bai wuce gwiwa ba. Sai a watsa ɗan dusa, a koma gefe. Ƙwari ne ke fara zuwa, su yi ta karo da ƙwan fitilar suna faɗawa ruwa. Bayansu sai wasu halittu ƙanana ƙwarai, kamar ƙura a cikin hasken. Sai 'ya'yan kifi masu tsawon farce. Kawara ce ta ƙarshe, kuma ba ta afkowa tsakiya kai tsaye. Takan yi ta kewaya iyakar hasken, ta leƙo ta koma, har ta saki jiki. A nan ne yaro ke ɓata aiki, domin da ya ga ƙyallin ciki uku ko huɗu hannunsa ya fara ƙaiƙayi. Sau nawa na ɗaga zanen da wuri, na fito da kifi biyu, sauran suka watse, muka sake zaman jira kamar na dafuwar wake. Kuma daga ƙasa ake ɗagowa, a hankali da farko, sannan da sauri. Duk abin da ya zo wa ɗan kifi daga sama, tsuntsu ne a wurinsa. Ban taɓa jin karin maganar nan ta "kifi na ganinka mai jar koma" ta zauna daidai ba kamar a bakin wancan ruwa.

Kawu ba ya barin a je da silifa. Ya ce kifi da haƙarƙarinsa yake ji. Shekaru da yawa bayan haka na karanta cewa akwai wani layi da ya bi gefen jikin kifi tun daga kai har wutsiya, wanda yake jin girgizar ruwa da shi, har ya san motsin abin da bai gani ba. Shi ne kuma abin da ke taimaka wa garken kifi ya juya gaba ɗaya a cikin duhu ba tare da sun yi karo ba. Na so in gaya wa kawu cewa littafi ya gaskata shi, sai na tuna bai taɓa neman shaidar littafi ba.

A farin wata duk wannan dabara ba ta aiki. Haske ya game ruwa, fitilarka ba ta fi sauran wuri da komai ba, kawara ta bazu. A irin waɗannan darare mukan koma wa 'ya'yan karfasa, waɗanda ke lafewa a gindin ciyawa cikin ruwa mara zurfi da dare, har a iya rufe su da tafin hannu in an iya sanɗa. Ba su kai kawara ƙyalli ba, amma sun fi ta jimiri a bakin ƙugiya. Da hunturu kuma, in sanyi ya kama ruwa, kowa yakan yi ƙasa, koto ya yi wuya, babban kifin ma ya rage ci. Kawu yakan ce a bar ruwa ya huta, mu ma mu huta.

Kama koto rabin aiki ne. Raya shi har ya kai ƙugiya shi ne sauran. Wata rana na yi sa'a na kama fiye da talatin a ɗagawa biyu, na zuba su a gwangwanin madara babba don murna, na rufe da ganye. Kafin kawu ya gama kafa sanduna duk sun juya ciki sama. Iskar da ke narke a ruwa, wadda kifi ke shaƙa, ta ƙare musu a ɗan wannan wuri, kawara kuwa ba ta da haƙurin tarwaɗa, wadda ke iya tasowa ta haɗiyi iskar sarari. Bai doke ni ba. Ya sa na ɗaura matattun a sanduna goma da hannuna, muka sake zaman fitila muka samo masu rai na sauran goman. Da asuba ƙugiyoyina bakwai fayau suke, an tsince su, biyu da kurungu, ɗaya da 'yar tarwaɗar da ba ta kai a ɗauka ba. A nasa ɓangaren manya biyu ne, ɗaya sai da muka kama ta mu biyu. Daga ranar na koyi ajiye koto a cikin gora mai huji-huji, a nutse a ruwa, a ɗaure da igiya a gaɓa. Na kuma koyi inda ake soka ƙugiya: a gadon baya, ƙarƙashin ƙayar sama, a kauce wa ƙashin baya, domin in an taɓa shi kifin ya sandare, aikinsa ya ƙare.

Abu mafi daraja da ƙananan kifi ke bayarwa labari ne. Muna zaune suna kewaya haske, sai a ga sun ɓace ɗif kamar an share su, ko kuma su yi tsalle su watsu a fuskar ruwa, abin da kawu ke cewa ruwa ya tafasa. Babba ya iso. Ba ya shiga cikin hasken, yana tsayawa a inda haske ya ƙare duhu ya fara, wurin da kawu ya sa wa suna bakin duhu, yana jiran wanda zai ratse daga garke. Kawu yakan ajiye sanda ɗaya da mafi kuzarin kotonsa domin wannan lokaci, ya jefa ta a bakin duhun nan.

A 2015 hidimar ƙasa ta kai ni Badagry, a gaɓar Tekun Atlantika, ina koyarwa a wata makarantar sakandare. Garin yana bakin wani dogon ruwa mai gauraye da gishiri, sai an haye shi da kwalekwale zuwa Gberefu, a taka rairayi, sannan a tarar da teku. A can na saba da wani dattijo daga mutanen Egun, mai yin fatsa daga gaɓa da dare. Harshenmu bai haɗu sosai ba, da guntun Turancin kasuwa da nuni muke fahimtar juna. Daren farko da na bi shi, tun bai yi bayani ba na san abin da yake yi. Bai nufi teku ba sai da ya tsaya a bakin ruwan baya da birginsa, ya tsuguna yana kallon fuskar ruwa, tocilarsa a rufe da yatsu, haske kaɗan ke tsiyaya. Yayyafi yake jira. Jatan lande ya kama da wasu 'yan kifaye masu farin jiki da ban san musu suna da Hausa ba, ya zuba su a kwando, ya bar kwandon a cikin ruwa.

Inda ya bambanta da kawu shi ne lissafin lokaci. Teku tana cika tana janyewa sau biyu a yini, kuma kowace rana lokacin cikar yana jinkirta da kimanin minti hamsin. A tsayuwar wata da daren sha huɗu cikar ta fi ƙarfi. Dattijon ba ya jefa igiya sai ruwa ya fara hawa, domin a lokacin ne ƙananan kifi ke biyo shi zuwa wani kwari da igiyar ruwa ta haƙa kusa da gaɓa, suna cin abin da ta tono daga rairayi, manya kuma suna biye da su. Da darma mai nauyi yake jifa, don kada ruwa ya dawo masa da koton. Na tuna yadda kawara ke bin sabon ruwa zuwa cikin ciyawar fadama a farkon damina, tarwaɗa na binta a baya. Halin ɗaya ne, sai dai ruwanmu sau ɗaya yake hawa a shekara, shi ya sa kawu ke ƙirga watanni, wannan bawan Allah kuma yake ƙirga sa'o'i. A wani dare na duhun wata ya nuna mini abin da ban taɓa gani a rafi ba: garken kifi ya gilma a bayan igiyar ruwa, ruwan ya yi wal da wani koren haske kamar an watsa garwashi. Wasu ƙananan halittun teku ne ke ba da hasken in an motsa su. Tekun da kanta take nuna masa inda koto yake.

Daga baya na gane cewa tara kifi da fitila sana'a ce babba a wasu wurare. A Tafkin Tanganyika da Tafkin Biktoriya ɗimbin jiragen masunta ke fita da fitilu a duhun wata don kama ƙananan kifin da ake kira dagaa, wanda ake shanyawa a sayar har ƙasashen maƙwabta, su ma farin wata hutu ne a gare su. Abin da kawu ke yi da fitilar ƙwai da tsohon zane, shi wasu ke ciyar da garuruwa da shi.

Duk da haka, da na zo rubuta kundi bayan 'yan shekaru, jimla ɗaya na ba wannan ilimi. Na daɗe ina tambayar kaina dalili, kuma ina ganin laifin ba nawa ni kaɗai ba ne, akwai na tafarkin da muka gada a nazarin sana'o'in gargajiya. Mukan nufi mai sarauta, mu same shi a zaure da rana, mu karanta masa jerin tambayoyi. Sarkin Ruwa zai ba ka tarihin gidansu, da sunayen kayan aiki, da abin da ya yarda ya faɗa na asiri. Ba zai kawo zancen koto ba, domin aikin yara ne, kuma babba ba ya zama da baƙo ɗan jami'a yana ba shi labarin aikin yara. Mu kuma abin da ke da suna da take shi ke jan alƙalaminmu. Bikin Argungu, wanda ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, wanda kuma hukumar UNESCO ta sa a jerin al'adun duniya a 2016, ya sha rubutu, kuma ya cancanta. Amma su ne na rana tsaka, na sa'a guda, da koma da gora, babu ƙugiya balle koto. A shekarar 1934 ɗin nan dai aka buga ƙamusun Bargery, wanda ya tattara sunayen kifaye masu yawa. Sunaye sun samu shiga. Yayyafi da tafasa da bakin duhu, a ma'anar da kawu ke nufi, kalmomin gida ne da aka ara aka kai bakin ruwa, kuma ba sa fitowa daga bakin mutum sai abin yana faruwa a gabansa. A cikin tambayoyi arba'in da na shirya babu wadda za ta iya fito da su. Ni da na san su tun ina yaro, sai na ɗauke su surutun kawu, ban ɗauke su bayanai ba.

Akwai kuma dalili na biyu, wanda ya fi na farkon ciwo. A lokacin da nake tattara bayanai, dare ya riga ya fita daga hannun mutanen Birnin Gwari. Bayan harin Gwaska na watan Mayun 2018 babu mai hankalin da zai ce wa ɗalibi ya je bakin rafi ya kwana. Hanyar Kaduna ta Buruku da Udawa sai da rakiya, ta Funtuwa ma haka. Hirarrakina duka da rana na yi su, a cikin gari, ina duban agogo. A shekarar da ta biyo baya wasu maƙwabtan kawu biyu suka kunna tocila a wani gurbi da bai kai tafiyar rabin sa'a daga gari ba. Hasken ne ya nuna su. Sun shafe makonni a daji kafin a haɗa kuɗin fansa, aka sayar da gona guda da shanun huɗa. Da na kira kawu in jajanta, abin da ya ce kawai shi ne, "Yanzu ai mu ne kawarar." Ya rataye fitilar a ɗaki, bai sake sauke ta ba.

Yaran da aka haifa a waɗannan shekaru sun san su, amma na rana. Gidan sauro suke ja a ruwa mara zurfi, su kwashe komai har 'ya'yan da ba su kai farce ba, a soya a ci. Ba na zarginsu, yunwa ce, kuma gonakin nesa sun gagara. Sai dai mai jan gidan sauro ba ya bukatar sanin inda kawara ke taruwa ko abin da shirunta ke nufi, kuma abin da ba a bukata ba a koyar da shi. Kawu ya koya daga yayan mahaifinsa, ni na koya daga gare shi, a tsakanina da jikokinsa kuwa an samu giɓin shekara bakwai ko takwas da babu wanda ya zauna a gaban fitila.

Bayan sulhun da gwamnatin Jihar Kaduna ta sanar a ƙarshen 2024, hanya ta ɗan buɗe, kasuwanni suka fara ci. Na je gida a bazarar 2025 da niyyar gyara babi na uku. Idanun kawu sun yi rauni ƙwarai, yana ganin haske amma ba ya rarrabe fuska. Na roƙe shi mu je gurbi mafi kusa. Ya ƙi sau biyu. A na uku ya ce, "Za mu je, amma ba za a kunna komai ba, kuma isha'i a gida za ta same mu." Muka tafi da jikansa ɗan shekara goma sha biyu, yana riƙe da sandarsa.

Muka zauna nesa da gaɓa kamar da. Na kunna na'urar naɗar magana a wayata, na kife ta a kan cinya don kada fuskarta ta yi haske. Na fara tambaya, ya ɗaga mini hannu. Can sai ya karkata kai ya ce wa yaron, "Ka ji? Ta hagu, gindin dutsen nan. Sun fara." Ni ban ji komai ba sai kwaɗi. Da na ƙura ido sai ga ɗigo-ɗigon a daidai inda ya nuna. Yaron ya zabura zai tashi, kawu ya dafe masa gwiwa, ya ce ya cire silifa tukuna. Da hannu da ɗan ƙyalle suka kama uku kafin duhu ya rufe. Kawu ya karɓi ɗaya, ya shafa bayanta da babban yatsa har ya sami wurin, ya kama yatsan yaron ya ɗora a kai, sannan ya sake ta ta koma ruwa, tunda ba mu zo da ƙugiya ba.

Naɗin ya kai minti talatin da huɗu. Da na zauna rubuta shi a Zariya, maganar da ke ciki ba ta cika rabin shafi ba. Sauran kukan kwaɗi ne, da tarin kawu, da wani ɗan sauti da na maimaita sau da yawa da abin sauraro a kunne kafin in yarda cewa shi ne yayyafin. A minti na talatin da ɗaya ana jin ƙarar babur daga nesa, ta ɓangaren daji, sai muryar kawu ƙasa-ƙasa yana cewa mu tashi.